Amonayit: Shaidar Tekun da Ya Janye Daga Ƙasarmu

Tsarki ya tabbata ga Allah, Mahaliccin tudu da gangare, wanda Yake mayar da sarari teku, Ya mayar da teku sarari, ba tare da Ya shawarci kowa ba, kuma ba tare da ko ƙwayar zarra ta kuɓuce wa saninSa ba. Tsira da aminci su tabbata ga Annabinmu Muhammadu, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

'Yan'uwa, duk wanda ya tashi a ƙasar Safana ko Batsari ya san darajar ruwa. Ya san yadda korama ke ƙafewa tun hunturu bai yi nisa ba, ya kuma san yadda mai haƙar rijiya ke ratsa jar ƙasa da marmara gaba bayan gaba, har ya ci karo da fa, diga ta shiga tartsatsi. Tsakaninmu da bakin teku mafi kusa akwai nisan da ya haura kilomita 700, kuma da yawa daga cikin kakanninmu sun rayu sun koma ga Mahaliccinsu ba su taɓa ganin ruwan da ba a hango gaɓarsa ba. Saboda haka in aka ce wa mutumin Runka ko na Ruma ƙasar Sakkwato da Adar da Damargu da Gombe duk sun taɓa kwana a ƙarƙashin ruwan gishiri, manyan dabbobin teku suna kai da komo a inda yau ake noman gero da albasa, ba laifinsa ba ne in ya ɗauka gatanan gatananku ake yi masa. Amma Allah da Ya janye tekun bai tafi da komai ba. Ya bar shaidu a binne, kuma babba daga cikinsu ita ce wata katantanwa da ta zama dutse, wadda masana ke kira amonayit.

Gida mai ɗakuna a jere

Ka ɗora ɗaya a tafin hannunka, ya ɗan'uwa. Abin da za ka fara ji shi ne nauyi, domin dutse ce sosai, launinta toka-toka ko ruwan ƙasa. Ta nannaɗe kamar ƙahon tsohon rago, naɗi yana hawa kan naɗi, ga wata 'yar cibiya a tsakiya, ga haƙarƙari sun taso daga cibiyar sun nufi baki, kowanne da tazarar da aka yanka masa. In ka jiƙa yatsa ka shafa bayanta, sai wani zane ya bayyana wanda da ƙura ta ɓoye shi: layuka masu lanƙwashe-lanƙwashe, kowane lanƙwasa da rassansa, kowane reshe da 'yan rassa, suna maimaita kansu daga farkon naɗi har ƙarshensa ba tare da ɗaya ya hau kan ɗan'uwansa ba. Babu hannun ɗan Adam a wannan zane, an kuma gama shi tun ba a halicci mai kallonsa ba.

Mai wannan gida ba dodon koɗin da muke gani da damina ba ne, ko da yake gidajen sun so su yi kama. Amonayit dangin oktofus ce, dabbar nan ta teku mai hannuwa takwas, kuma a cikin halittun da ke raye a yau wadda ta fi kusa da ita a tsarin gida ita ce notilus, da ke zaune a zurfin tekunan yankin Indonesiya da Filifin da Ostareliya. In aka tsaga gidan biyu, sai a ga ashe ba rami ɗaya ba ne. Ɗakuna ne a jere, kowanne da bangon da ya raba shi da na kusa da shi, daga ɗan ɗakin farko na can tsakiya wanda da ƙyar ido ke ganinsa, har zuwa babban ɗakin ƙarshe mai buɗaɗɗen baki. A wannan na ƙarshen kaɗai dabbar take zaune. Duk lokacin da jikinta ya ƙaru, sai ta ƙara gini a bakin gidan, ta matsa gaba, ta ja sabon bango a bayanta. Haka za ta yi ta yi har ajalinta, ba ta rushe abin da ta gina, ba ta ƙaura ta bar shi.

To ɗakunan da ta bari a baya fa, mene ne amfaninsu? A nan hankali ke tsayawa ya yi tasbihi. Allah Ya ratsa ɗakunan nan duka da wani siririn bututu mai rai, wanda ya taso daga jikin dabbar ya bi gefen naɗin ta waje har ɗakin farko. Bisa abin da aka gani a jikin notilus, sabon ɗaki cike yake da ruwa lokacin da aka rufe shi. Bututun sai ya riƙa tsotse gishirin da ke cikin ruwan yana kai shi cikin jini, ruwan ya bi gishirin ya fita, iska ta maye gurbinsa. Da haka nauyin jiki da na gida suke yin kunnen doki da ƙarfin iskar da ke ɗaga su, dabbar ba ta nutse ƙasa ba, ba ta kuma taso sama ba, tana rataye a tsakiyar ruwa ba tare da ta wahalar da kanta ba. Jikinta na ƙara nauyi, ɗakin iska na ƙaruwa, ma'aunin bai taɓa karkata ba. Ɗan Adam bai ƙera jirgin da ke nutso da irin wannan dabara ta musanya ruwa da iska ba sai a ƙarnonin nan na baya-bayan nan, bayan lissafi mai yawa da asarar rayuka, alhali wannan halitta da ba ta taɓa zama gaban malami ba an ba ta ita tun tana cikin ƙwai.

Zanen nan da ya fito da ka jiƙa dutsen, shi ne wurin da bangon kowane ɗaki ya haɗu da jikin gidan. A amonayit na farko-farko layin sauƙaƙe ne, hawa da sauka kawai; a na tsakiya ya fara yin haƙora; a na ƙarshe kuwa ya yi rassa har ido ya gaji da binsa. Da yawa daga masana suna ganin wannan lanƙwasa ita ke ƙarfafa gidan, ta raba masa matsin ruwa, ta yadda zai yi ƙwari ba tare da ya yi kaurin da zai nutsar da mai shi ba. Kowane jinsi kuma da nasa zanen, har ƙwararre kan iya gane jinsin daga ɗan ɓari guda. Shi kansa naɗin a kan ƙa'ida yake: kowane zagaye ya fi na cikinsa faɗi da gwargwado ɗaya da ba ya sauyawa, shi ya sa gidan ke girma amma siffarsa ba ta ɓaci. Sai a ƙarni na 17 masana lissafi na Turai suka iya rubuta ƙa'idar irin wannan naɗi.

Kuma ba iri ɗaya aka yi ba. An ƙidaya jinsi fiye da 10,000, wasu sumul, wasu da ƙaya, wasu a miƙe ba naɗi; wasu ba su wuce 'yan santimita ba, wata kuwa da aka tono a kusa da Seppenrade ta ƙasar Jamus a 1895 faɗinta ya kusa mita 1.8, ga shi ba ma cikakkiya aka same ta ba, tana nan ajiye a gidan tarihi na birnin Münster. Bisa ƙiyasin masana, kuma Allah ne Mafi sani, sun bayyana kimanin shekara miliyan 400 da suka wuce, suka cika tekunan duniya fiye da shekara miliyan 300. Duk tsawon wannan zamani babu wadda ta kwana da yunwa don Mai ciyarwa Ya manta da ita.

Dutsen Safana da ƙasar Sakkwato

Mai karatu zai ce, to me ya sa ba mu taɓa tsintar irinta a gonakinmu ba? Amsar ma wani abin mamakin ce. Duwatsun da suka tsaya a ƙasar Safana da Batsari da Dutsin-Ma da dajin Rugu suna cikin tsofaffin duwatsun da ƙasar nan take zaune a kansu. Da yawansu narkakken dutse ne da ya huce a hankali a can cikin ƙasa kimanin shekara miliyan 600 da suka wuce, wasu kuma zafi da matsi sun dafa su har sun sake kama. Irin wannan dutse ba ya riƙe gawar halitta, ballantana ma ya girmi amonayit ta farko da kusan shekara miliyan 200. Ashe fa ɗin nan da mata ke shanya a kansa, yara ke sulu a bayansa, ya riga ya tsufa kafin a halicci dabbar da muke ganin ta kai maƙura a daɗewa.

Ruwan saman da ke sauka a kan duwatsun nan yamma da arewa yake gangarawa, ya bi koramu da gulabe har ya faɗa Gulbin Rima, ya wuce ta Goronyo da Wurno. In ka bi shi, kafin ka isa can za ka ga ƙasa ta sauya: duwatsu masu ƙyalli sun ƙare, an shiga ƙasar yashi da laka da farin dutse, shimfiɗa a kan shimfiɗa. Wannan shi ne babban kwarin da ya haɗa Sakkwato da Kabi da Adar har cikin Mali, kuma a cikinsa teku ya shigo ya janye, ba sau ɗaya ba. Masana sun nuna cewa a wasu zamuna ruwan ya ratso Sahara daga tsohon tekun da ke arewacin Afirka, har ya haɗu da na kudu. Tudun da muke kai yana cikin wuraren da yashi da laka suke gangarowa daga gare su zuwa cikin kwarin, kuma irin lakar nan ce ke binne amonayit in ta mutu ta faɗa ƙasan ruwa. Laka ta cika ɗakunan ta daskare, gidan na asali sau da yawa ya narke, sai siffarsa ta saura a jikin dutse, har da zanen bangayen.

Masu binciken duwatsu sun raɗa wa shimfiɗun kwarin sunayen garuruwanmu, daga ƙasa zuwa sama: Taloka, Dukamaje, Wurno, Dange, Kalambaina, Gamba, Gwandu. A shimfiɗar Dukamaje, mai kimanin shekara miliyan 70, ake samun amonayit da ake kira Libycoceras, wadda ake samun danginta a Libiya da Masar da Nijar da kudancin Najeriya. Dabbar da ba ta rayuwa sai a ruwan gishiri, ta yaya za ta kasance a Masar da Sakkwato a zamani guda in ba ruwa ne ya haɗa su ba? A wannan shimfiɗa ce kuma aka tono ƙasusuwan wani ƙaton ƙadangaren teku, wanda aka fara bayaninsa a 1930, daga baya a 1972 masana daga Italiya suka sa masa suna Goronyosaurus, don tunawa da Goronyo.

Ta gabas kuwa, a ramin haƙar dutsen siminti na Ashaka da ke jihar Gombe, akwai shimfiɗun da suka girmi na Dukamaje, masu kimanin shekara miliyan 94, maƙare da amonayit, kuma masana daga ƙasashe daban-daban sun bi bangon ramin shimfiɗa bayan shimfiɗa suna rubuta abin da ke cikin kowacce. Irinsu ake samu a Damargu, wajen Tanut. A 1943 aka sa wa wani jinsi daga Nijar suna Nigericeras, a 1954 kuma Richard Reyment, wanda ya yi aiki da hukumar binciken duwatsu ta Najeriya, ya raɗa sunayen Gombeoceras da Bauchioceras. Sunayen ƙasashenmu ke nan a cikin littattafan ilimi na duniya, mu kuwa da yawanmu ko labari ba mu ji ba. Buhun simintin da muke gina masallaci da shi, asalinsa farin dutsen da ya taru a ƙasan wannan teku ne.

Kada kuma a ɗauka lura da irin wannan abu baƙo ne a wurin Musulmi. Tun kimanin shekara 1000 da suka wuce, Abu Raihan al-Biruni ya dubi katantanwar da ake samu cikin duwatsu ya yanke cewa hamadar Larabawa ta taɓa zama teku, Ibn Sina kuma a cikin littafinsa Al-Shifa ya kafa hujja da sassan dabbobin ruwa da ake gani in an fasa dutse. Sun karanta Alƙur'ani, sun ji yadda yake yawaita kira zuwa ga tafiya a bayan ƙasa da lura, suka ɗauki kiran da gaske.

Abin da shaidar take faɗa

Darajar amonayit a wurin masana ta wuce kyawunta. Allah Ya haɗa mata siffofi uku: tana da yawa, ruwa yana yaɗa ta nesa, kuma kowane jinsi ba ya daɗewa, wani bai cika shekara miliyan ɗaya ba ake ɗauke shi a kawo wani. Saboda haka in aka sami jinsi ɗaya a duwatsu biyu, ko da teku ne a tsakaninsu, an san a zamani ɗaya suka kwanta. Dangin da ake kira Vascoceras ana samunsu a Fotugal da Tunisiya da Damargu da Ashaka har da Birazil, abin da ke nuna hanyoyin ruwan wancan zamani, lokacin da tekun da ya raba Afirka da Kudancin Amurka bai yi faɗin da yake da shi yau ba. Tun tsakanin 1856 da 1858 Bajamushe Albert Oppel ya raba duwatsun wani zamani guda zuwa matakai 33, mafi yawa bisa amonayit ɗin da ke cikinsu, kuma a kan wannan hanya ake tafiya har gobe. Mai neman dutsen siminti yana amfana da ita, haka mai zana taswirar ruwan ƙarƙashin ƙasa, haka masu neman man fetur irin na Kolmani da ke iyakar Bauchi da Gombe. Su masu man sun fi dogara da ƙananan halittun da ba a gani sai da madubin ƙara girma, amma ma'aunin zamanin da suke gwada su da shi, amonayit na cikin manyan turakunsa.

Sai dai mafi girgiza zuciya shi ne ƙarshen labarin. Amonayit ta tsallake manyan masifu, har da wadda ta auku shekara miliyan 252 da suka wuce ta shafe mafi yawan halittun teku. 'Yan kaɗan suka tsira, suka sake cika ruwa. Amma shekara miliyan 66 da suka wuce, lokacin da wani dutse mai faɗin kimanin kilomita 10 ya faɗo daga sama a yankin Yukatan na ƙasar Meziko, kusan kashi uku cikin huɗu na jinsunan halittu suka tafi, ita ma wa'adinta ya cika. Notilus kuwa, wadda ba ta kai ta yawa ba, ba ta kai ta ado ba, aka bar ta. Masana da yawa suna ganin sababin shi ne 'ya'yan amonayit ƙanana ne ƙwarai, a saman ruwa suke rayuwa inda abinci ya yanke, na notilus kuwa manya suke fitowa daga ƙwai. Wannan hukunci ana ganinsa da ido a ƙasar Sakkwato: a Dukamaje akwai amonayit, amma a farin dutsen Kalambaina da ke samanta, wanda ake yin siminti da shi, teku ya dawo, dangin notilus sun dawo, amonayit ko ɗaya babu. Yawa bai tsare ta ba, daɗewa ba ta cece ta ba. Mulki na Allah ne Shi kaɗai, kuma duk mai taƙama da yawan dangi ko tsufan gida ya dubi wannan ya shiga taitayinsa.

Ladabin tsinta

Mutanen Safana da Batsari matafiya ne: wani fatauci ya kai shi Illela da Tawa, wani karatu ya kai shi Sakkwato, wani aikin bautar ƙasa ya jefa shi Bajoga. Wanda Allah Ya haɗa shi da irin wannan dutse, ya sani amana ce ta faɗo hannunsa. Malaman Hadisi sun koya mana cewa ba a karɓar labari sai an san ta inda ya fito, kuma haka abin yake a nan: isnadin amonayit shi ne wurin da take kwance. In aka raba ta da shi ba tare da an rubuta ba, ta zama abin ado kawai.

Don haka kafin ka ɗaga ta, ka ɗauki hotonta a inda take, ka ajiye biro a gefe don a gane girmanta. Ka rubuta sunan ƙauyen da ya fi kusa, ka ɗauki lambobin wurin da wayarka. Ka lura ko a jikin bango take ko faɗowa ta yi, in a bango ne a shimfiɗa ta nawa daga ƙasa, kuma shimfiɗar laka ce ko farin dutse. Ka naɗe ta a takarda, ka sa mata lamba, ka rubuta lambar a littafinka. Kada ka goge ta da ruwan batir, kada ka shafa mata fenti, kada ka kankare ta don ta yi sheƙi, domin abin da kake gani datti ne wataƙila shi masani yake nema. Ka nemi izinin mai gona ko mai unguwa ko masu ramin haƙa, ka kiyayi gindin bangon da zai iya ruftawa, kuma kada ka kwashe duka, ka bar wa na baya. In ka ga ta fita daban, ka kai ta sashen ilimin duwatsu na jami'a, irin na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya. A Erfoud ta Maroko da kuma Madagaska ana yanka amonayit a goge a sayar wa duniya, iyalai da yawa suna ci daga nan, amma yawancin waɗanda suka bi ta kasuwa sun isa hannun mai saye ba asali ba tushe.

Sannan a tsare aƙida. Mutanen Whitby a Ingila sun taɓa ɗauka macizai ne da aka mayar dutse, har suna sassaƙa musu kai. Mu kada mu mayar da ita laya ko maganin tsari. Ba ta amfanar da kowa, ba ta cutar da kowa, baiwar Allah ce da ta yi zamaninta ta wuce, aka ajiye gawarta don masu hankali.

Abin da ya rage shi ne mu daina barin wannan fage ga baƙi. Malamin firamare a Safana zai iya ɗora dutsen garinmu kusa da na Dukamaje, ya bar yara su taɓa su tambaya. A cikinsu akwai wanda zai wuce Dutsin-Ma ko Zariya ya zama shi ne mai rubuta tarihin ƙasar da ya taka, da idon masani da zuciyar mai imani. Allah Ya zaunar da garuruwanmu da dazuzzukanmu lafiya, ta yadda manomi da makiyayi da ɗalibi za su shiga su fita ba fargaba. Allah Ya sa mu cikin masu gani su yi tunani, masu tunani su ƙara tsoronSa, Ya kuma kyautata ƙarshenmu ranar da namu wa'adin ya cika. Amin.